Uwar-Waya da Gadon Bakwaini

Ɗalibai ne suka laƙaba mata Uwar-waya, sunan kuma ya bi ta har ya danne nata na ainihi. Ita kaɗai ce mace a cikin malaman sashen lantarki na jami'ar. Gajeriya ce mai saurin tafiya, kullum da guntun waya yana leƙowa daga jakarta, yatsunta kuwa duk tabon ƙunar dalma. A shagon mahaifinta ta samo tabon farko. Mai gyaran rediyo ne a wani lungu bayan tasha, kuma tun ba ta kai tsawon teburinsa ba take riƙe masa tocila yana leƙa cikin rediyon mutane. Da ta girma ta ce lantarki za ta karanta, dangi suka yi ca a kanta. Shi kuwa ya ce a ƙyale masa 'ya, ai wuta ba ta tambayar hannun wa ya kama ta.

Bai ga ta zama malama ba, ya rasu. Ta auri wani malamin sakandare mai koyar da tarihi, mutum mai sanyi kamar ruwan randa, suka tara 'ya'yansu. Rayuwa ta miƙe mata, daga aji sai ɗakin gwaji sai gida. Da a haka za ta tsufa, in da ƙanwarta ba ta haifi bakwaini ba.

Yaron ya zo da wuri, ɗan mitsitsi, fatarsa har ana ganin jijiyoyi. Aka ce sai an saka shi a kwalba, wato akwatin gilashin nan da ke ɗumama jarirai. Kwalba ɗaya ce ke aiki a asibitin, ita ma sai in akwai wuta, wutar kuwa ta fi baƙo yawan sallama. Nas-nas suka naɗe shi da auduga, suka jera masa robobin ruwan zafi, uwar ta rungume shi a ƙirji har hannuwanta suka sage. Bai daɗe ba ya koma.

Uwar-waya na tsaye a baranda ta rasa inda za ta sa kanta, sai babbar nas ɗin ɗakin, wata dattijuwa mai kaushin murya, ta taɓa kafaɗarta.

"An ce ke malamar lantarki ce. Zo ki ga wani abu."

Ta kai ta wani ɗaki a ƙarshen baranda, ta tura ƙofar da ƙafa. Kwalabe ne jibge, wata kan wata, farare tas, wasu ko ledar jikinsu ba a gama ɓarewa ba.

"Duk daga waje aka kawo su," in ji nas ɗin. "Kowacce da bikinta aka kawo ta. In wuta ta dawo da ƙarfi sau ɗaya, shi ke nan, sai mu turo ta nan."

Uwar-waya ta zaro sukurdireba daga jaka ta buɗe bayan guda. Wani ɗan allo ne da bai fi tafin hannu ba ya ƙone ƙurmus, kuma babu inda ake sayar da shi a ƙasar. An ƙera su ne don garuruwan da wuta ba ta ƙiftawa. Ta mayar da murfin ta ɗaure.

Daga nan ta shiga aikin da ya cinye mata shekaru. In ta gama aji sai ta kulle kanta a ɗakin gwaji. Ta sa mai walda ya haɗa mata ɗan gado na ƙarfe, ta shimfiɗa masa katifa mai zaren ɗumi a ciki, ta haɗa shi da batirin mota da farantin sola, ta sa masa ƙararrawar da za ta yi ihu in zafi ya wuce kima. Katifun da ta ƙona Allah kaɗai ya san yawansu. Ta fara gwaji da robobin ruwa, daga baya ta koma 'yan tsaki, har ofishinta ya riƙa ƙarnin kaji, abokan aiki na toshe hanci in za su wuce.

"Ni dai Malama," in ji mijinta, "in gwajin ya ɓaci, kada ki zubar. Ki kawo mana su a gashe."

'Yan tsakin ba su gasu ba, girma suka yi. Ta sa wa abin suna gadon ɗumi. Ba shi da kyan gani, amma duk abin da ke jikinsa ana samu a kasuwa, kuma duk mai gyaran fanka zai iya gyara shi.

Ana cikin haka gwamnati ta fito da sabuwar manufa. Aka ce yankin nan zai zama cibiyar fasaha, kowace jami'a ta daina tara takardu a kabad, ta fara haifar kamfanoni. Kafin a ankara an share filin da ɗalibai ke ƙwallo, an dasa wani gini na gilashi, an kira shi cibiyar ƙirƙire-ƙirƙire. Kujerunsa ja da kore da ruwan ɗorawa, wasu ma buhuna ne kawai a ƙasa, wai a kansu tunani ya fi zuwa. Aka naɗa masa darakta, wani ɗan ajinsu Uwar-waya tun suna ɗalibai. Tun a lokacin ana ce masa Ɗan-taro, don ba a taɓa ganinsa da ƙarfen dalma a hannu ba, amma duk inda aka kafa makirufo yana kusa.

Gini ya ƙaru, amma ba abin nunawa. Sai ga Darakta da kansa a ɗakin gwajinta, yana tattare babbar rigarsa kada ta taɓa ƙasa.

"'Yar ajinmu! Ashe kina zaune kan zinariya kin yi shiru? Wannan ai shi ne abin da ƙasa ke nema."

Aka ɗauki gadon aka fesa masa farin fenti, aka sayo 'yar tsana aka kwantar a ciki. Duk baje kolin da za a yi sai an loda shi a mota, ita ma a loda ta. Ranar buɗe cibiyar babban baƙo ya tsaya a kansa, ya shafa kan 'yar tsanar, ya ce lallai yarinya ta ji ɗumi, aka yi ta tafi. Aka kafa babban allo a ƙofar jami'a da hotonta tana murmushi, an rubuta a ƙasa: Daga ɗakin gwaji zuwa kasuwa.

Gaskiyar magana, abin ya yi mata daɗi. Shekara da shekaru ana yi mata kallon mai taɓin hankali mai kiwon kaji a ofis, yau ga shugaban jami'a na kiranta abin alfaharinmu. Don haka da Darakta ya ce lokaci ya yi da za ta kafa kamfani, ba ta ja ba. Matsala ɗaya ce: dokar aiki ta hana malami yin kasuwanci. Manufa ta ce a kafa kamfani, doka ta ce in ka kafa a kore ka, kuma ba wanda ya ga dalilin zaunar da su biyun su daidaita.

"Ki ajiye aikin kawai," in ji Darakta. "Mai son ya yi iyo ba ya riƙe da gaɓa. Muna bayanki ɗari bisa ɗari."

Ta kai maganar gida. Mijinta na duba takardun jarrabawar ɗalibansa a falo, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Malama, ni tarihi nake koyarwa. Na ga manufa iri-iri, kowacce da gininta. Kada ki saki reshe ki kama ganye."

"Malam, jarirai mutuwa suke yi."

"Na sani. Shi ya sa ba zan hana ki ba."

Ta ajiye aikin. Ta sayar da filin da ta gada, ta kama shago a bakin titi tsakanin mai walda da wani tela. Ta jera tebur, ta rataye wayoyi a ƙusa launi-launi, ta fara ƙera gadaje. Nan ne ta gane cewa ƙera abu shi ne ɓangare mai sauƙi.

Da farko lauyan jami'a ya sanar da ita cewa tunda a ɗakin gwajin jami'a aka ƙirƙiro gadon, na jami'a ne, ba za ta sayar ba sai kwamiti ya zauna ya yanke rabon kowa. Kwamitin kuwa bai taɓa cika ba. Yau shugabansa ya yi tafiya, gobe ana yajin aiki, jibi an canza mambobi. Sannan ma'aikatar lafiya ta ce tana son kayan gida ƙwarai, amma ba ta sayen na'urar asibiti sai mai hatimin hukumar tantancewa. Ta je hukumar. Wani jami'i mai fara'a ya ba ta kujera, ya ce gaskiya ba su da kayan auna irin wannan, sai dai ta tura gadon ƙasar waje a auna mata, in can sun buga hatimi su ma sai su buga. Ta tambayi abin da hakan zai ci, ya faɗa mata. Ta yi dariya, shi ma ya taya ta. Ta koma cibiya neman taimako, aka ce asusun cibiya na horarwa ne da tarurruka, ba na hatimi ba, amma in tana so akwai bita kan yadda ake jan hankalin masu zuba jari. Ta halarci bitar. An ba su jaka da biro.

Gadaje suka taru a shago har tela ya fara tambaya ko za ta ba shi aron ɗaya ya riƙa ajiye yadi. Sai wata rana da hantsi babbar nas ɗin nan ta iso, ta tsaya a bakin ƙofa tana haki.

"Malama, kullum ina ganin hotonki a allo, amma gadon ban gani ba. Sanyi ya shigo, kwalbar da ta rage ta mutu. Me kike jira?"

"Hatimi nake jira, Sista."

"Hatimi ne zai ɗumama su?"

Uwar-waya ta dubi gadajen, ta dubi matar. An hana ta sayarwa, amma ba wanda ya ce kada ta ba da kyauta. Kafin azahar an loda su a motar ɗaukar kaya.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwarta. Takan je ɗakin jariran ta tsaya daga taga, ta ga 'yan ƙafafu na motsi a kan katifun da ta ɗinka da hannunta. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, amma ƙananan fitilun gadajen na nan kore. Iyaye mata da ba su san ta ba suna wuce ta da bokiti, ita kuwa ta ji kamar ta yi rawa.

Sai aka kawo wani jariri daga nesa, ya riga ya galabaita da ciwo tun a hanya. Aka kwantar da shi a ɗaya daga cikin gadajen, bai yi kwana ba ya cika. Uban yaron, cikin zafin rashi, ya ji wani ya ce ai gadon ma haɗin gida ne, ba a tantance shi ba. Ya ɗaga murya, magana ta fita, ta kai gidan rediyo. Jami'an hukumar nan da ba ta da kayan awo suka samu mota da mai a ranar. Suka zo suka ce a kwashe jariran, suka manna wa gadajen jan tef, suka tafi da su gaba ɗaya. Babbar nas ta tare ƙofa tana faɗa, aka ba ta takardar gargaɗi.

Washegari jami'a ta fitar da sanarwa: kamfanin mai zaman kansa ne, mai shi tsohuwar ma'aikaciya ce, jami'a ba ta da hannu a ayyukanta. Uwar-waya ta ji sanarwar a rediyon tela. Ta rufe shago ta hau motar haya, ta wuce ta ƙarƙashin hotonta da ke murmushi a bakin ƙofar jami'a, ta shiga cibiya. Sanyin na'ura ya dake ta. Gadonta na farko na nan a tsakiyar zauren cikin gilashi, 'yar tsana na barci. Darakta ya taso da hannu biyu.

"'Yar ajinmu, wallahi abin ya dame ni. Zauna, a kawo miki ruwa."

"Ba zama na zo yi ba. Kai ka ce kuna bayana."

"Muna bayanki mana. Amma ki gane, cibiya ra'ayi take goya wa baya. Wannan kuwa ya zama maganar shari'a. Kuma tsakani da Allah, wa ya ce ki kai su asibiti ba hatimi?"

"Da kuka hana ni sayarwa, kun ce gadon naku ne."

"A takarda, haka ne."

"To in riba ce naku ne, in gawa ce tawa ce ni kaɗai?"

Ya dubi ƙofa ko wani ya ji, ya sassauta murya. "Ki yi haƙuri ƙura ta lafa. Masu ba mu tallafi na zuwa, bai kamata su tarar da hayaniya ba."

"To ku sauke hotona."

"Haba, ai hoton na cikin rahoton da muka riga muka tura."

Ta tsaya tana kallonsa. Ba mugu ba ne, ta san shi tun yana cin bashin biro a aji. Da mugu ne da ta ji sauƙi, da ta samu wanda za ta tsana. Ta juya ta fita. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Daga baya likitoci suka tabbatar ciwo ne ya kashe yaron, gadon bai da laifi. Wannan labarin bai kai gidan rediyo ba. Gadajen kuma ba a dawo da su ba, aka ce suna ma'ajiyar hukuma har sai an kammala bincike, binciken da ba wanda ya san ranar da aka fara shi. Ba a jima ba ma'aikatar lafiya ta yi odar sababbin kwalabe daga waje, aka yanka kintinkiri, Darakta na cikin masu jawabi.

Ta nemi komawa sashenta. Shugaban sashen, wanda ita ta koyar da shi, ya tashi ya ba ta kujerarsa don girmamawa, sannan ya yi ta murza hannu. An cike gurbinta. Ko da ma akwai, shekarun da ta yi tana fama da gado ba ta wallafa maƙala ko ɗaya ba, su kuma maƙala ake dubawa.

"Gadon fa?" ta tambaya.

"Malama, babu gurbin gado a ma'aunin ƙarin girma."

Ta kwanta rashin lafiya bayan wannan, ciwon da likita bai gano sunansa ba. Mijinta bai taɓa ce mata ai na faɗa miki ba. Shi yake kai yara makaranta, ya dawo ya zauna gefenta yana karanta mata jarida, yana tsallake duk shafin da aka ambaci fasaha. Wannan shirun nasa ya fi mata ciwo a kan gori. Ƙanwarta, wadda tuni Allah ya ba ta wasu 'ya'yan, ta zo dubiya ta riƙe hannunta.

"Yaya, ki bari haka nan. Ni da na haife shi na haƙura tuntuni. Ke ce kika ƙi binne shi."

Uwar-waya ta juya fuska bango. Sai da ƙanwar ta tafi ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar barandar asibiti.

Da ta warke ta koma shago, don ciki ba ya jiran kwamiti. Batira da farantan sola da suka rage ta fara haɗa wa maƙwabta. Aikinta ba ya lalacewa, labari ya bazu, manyan gari suka fara aiko direbobinsu. Abin da bai buƙaci ko rabin iliminta ba shi ya rufa mata asiri. Ta sayi motar kaya, ta ɗauki ma'aikata, ta rushe bangon da ke tsakaninta da tela ta faɗaɗa shago. Mutane na cewa Allah ya yi mata sauyi da mafi alheri, ita kuma ta ce amin, don ba ta da amsar da za ta fi wannan gajarta.

Shekaru suka ja, furfura ta fito mata, gwiwa ta fara ƙara in za ta hau tsani. Gwamnati ta canza, aka fito da wata sabuwar manufar, aka sake wa cibiya suna da fenti. Darakta ya wuce ma'aikata ya zama mai ba da shawara.

Wata rana ana loda kaya a mota, sai ga wata matashiyar malama daga jami'ar ta yi sallama, idonta na ƙyalli. Ta ce an ba ta tallafi ta ƙera abin ɗumama bakwaini mai aiki da sola, kuma wani tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji ya ce lallai ta nemi Uwar-waya.

"Mama, ban ma san an taɓa yi ba. Ba a rubuta a ko'ina ba."

Uwar-waya ta jawo mata kujera, ta ba ta labarin tun daga tushe, ba ƙari ba ragi. Matashiyar ta saurara cikin ladabi, tana gyaɗa kai, amma ana gani a fuskarta ta ɗauka ɗacin tsufa ne.

"Yanzu abubuwa sun canza, Mama. Sabuwar manufar ta fi waccan. Sun ce suna bayana."

"Sun kawo kayan awo a hukumar?"

"Ana kan maganar."

"Kwamitin rabo fa?"

"An kafa sabo."

"To. Abu ɗaya zan roƙe ki, 'yata. Kada ki ajiye aikinki, ko wa ya ce miki ki ajiye."

Matashiyar ta yi murmushi, ta ce za a yi taron ƙaddamarwa, za su so Mama ta zo ta yi wa ɗalibai jawabi a matsayin wadda ta share hanya. Uwar-waya ta ce ta gode, gwiwarta ba ta son zaman taro. Baƙuwar ta miƙe, har ta kai bakin titi tana neman abin hawa, sai ta ji an ƙwala mata kira.

"Ke! Ma'aunin zafin, kada ki sa shi a gefen gado, ƙarya zai yi miki. Ki sa shi a cikin katifar, daidai inda bayan yaron zai kwanta. Kuma ki sa biyu, in ɗaya ya mutu ɗayan ya tona masa asiri."

Matashiyar ta dawo da sauri tana so ta ƙara tambaya, amma Uwar-waya ta riga ta hau gaban mota ta ja ƙofa. Ana jiransu su haɗa sola a wani katafaren gida a bayan gari. Mai gidan da iyalinsa suna ƙasar waje, ba kowa a ciki sai mai gadi, amma yana so fitilun katangarsa su riƙa ci ko da gari duka ya yi duhu.